Hoton Ba-zata a Bikin Aure: Daga Bakin Teku Zuwa Yauri ta Matameye

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala nazari ce a kan wani salon ɗaukar hoto da ya samu karɓuwa a bukukuwan aure, wato ɗaukar mutane ba tare da an tsai da su an shirya su ba. Masu wannan salo suna da'awar cewa hotonsu ya fi wanda aka saba gaskiya, domin yana kama mutum a yadda yake, alhali hoton da aka saba yana nuna shi ne a yadda yake son a gan shi. Hoton da aka fi tallata salon da shi kuwa shi ne na bikin bakin teku: ango da amarya a kan rairayi, iska tana kaɗa mayafi, rana tana faɗuwa, babu mai duban kyamara. Ta hanyar wayar salula irin waɗannan hotuna sun iso har ƙauyukan ƙasar Hausa, matasa kuma sun ɗauke su abin koyi.

Manufarmu ita ce mu auna wannan da'awa a wurare biyu. Da farko za mu auna ta a gidanta, wato inda salon ya tsiro. Daga nan sai mu auna ta a Yauri, ƙaramar hukumar da ke ƙasar Matameye da Kance a jihar Damagaram, kusa da iyakar Daura, wadda bai kamata a rikita ta da Yawuri ta jihar Kebbi ba. Tsakanin Yauri da teku akwai tazarar kusan kilomita 1,000, kuma tsarin bikinta tsari ne na Hausawa Musulmi manoma. Saboda haka wuri ne da ya dace a gwada ko salon yana da ma'ana ɗaya a ko'ina. Tambayar da za ta yi mana jagora ita ce: wace gaskiya ce hoton biki ke nunawa, kuma wa ke da ikon fitar da ita?

2.0 Ma'anar kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Abin da Faransanci ke kira *photo prise sur le vif* shi muka kira hoton ba-zata. Abin da yake kira *photo posée* kuma shi muka kira hoton shiri, wato wanda ake yin wanka da kwalliya dominsa, a tsaya ko a zauna, a fuskanci mai hoto, a jira ya ba da izinin motsi.

Mun guje wa cewa "hoton sata", ko da yake ana jin haka a bakin jama'a, domin kalmar ta riga ta yanke hukunci tun ba a shiga shari'a ba. Amma yana da kyau mu lura cewa Faransanci ma bai kuɓuta daga wannan ma'ana ba. Littafin Henri Cartier-Bresson na shekarar 1952, wanda ake ɗauka ginshiƙin salon, sunansa *Images à la sauvette*, kuma *à la sauvette* lafazi ne da ake yi wa mai tallan da ba shi da lasisi, wanda ke sayarwa yana waige-waige. Ke nan tun daga suna, salon ya san cewa akwai wani abu da yake ɗauka ba a ba shi ba.

3.0 Asalin salon da da'awarsa

Hoton ba-zata ɗan na'ura ne. Muddin kyamara tana bisa ƙafafu uku, kuma ana bukatar mutum ya daskare na ɗan lokaci kafin hoto ya kamu, to babu zancen ba-zata. Sai da ƙananan kyamarori suka fito, irin su Ermanox da Leica wadda ta shiga kasuwa a 1925, sannan Bajamushe Erich Salomon ya riƙa shiga tarukan manyan ƴan siyasar Turai yana ɗaukar su suna gyangyaɗi ko suna raɗa. Ministan harkokin wajen Faransa Aristide Briand ya yi masa laƙabi da sarkin masu shisshigi. Abin lura a nan shi ne waɗanda Salomon ke ɗauka masu mulki ne, kuma hujjar irin wannan aiki ita ce talakawa suna da haƙƙin ganin shugabanninsu ba tare da rigar sarauta ba.

Shigar salon cikin bikin aure ya zo ne daga baya. A shekarun 1980 Ba'amurke Denis Reggie ya yi suna da ɗaukar biki kamar yadda ɗan jarida ke ɗaukar labari: ba ya tsai da kowa, ba ya gyara wa kowa tsayuwa. Hujjar Salomon ba ta aiki a nan, tunda amarya ba minista ba ce. Sai aka sake hujja, aka ce motsin rai na gaskiya ba ya fitowa sai mutum ya manta da kyamara. Da Bahaushe ne zai taƙaita wannan ra'ayi, da sai ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

3.1 Hoton tsibirin Cumberland

Hoton da ya fi kowane ɗaukaka salon shi ne wanda Reggie ya ɗauka ranar 21 ga Satumba 1996 a tsibirin Cumberland, a gaɓar tekun jihar Jojiya ta Amurka, a bikin John Kennedy ƙarami da Carolyn Bessette. An ɗaura auren ne a wani ɗan ƙaramin cocin katako na baƙar fatar tsibirin, wanda ba shi da lantarki. Hoton ya nuna su suna saukowa daga matakalar cocin da dare, angon ya sunkuya yana sumbatar hannun amaryar, ita kuma tana murmushi.

Ta fuskar tsari hoton ya yi kyau. Duhun da ke bayansu ya sa farar rigar amarya ta fito, sunkuyawar ango ta karya miƙewar da aka saba gani a hoton aure, kuma babu ɗayansu da ke kallon mai hoto. Amma idan muka dubi yadda aka yi hoton ya samu, sai da'awar ba-zata ta fara rauni. An ɓoye bikin ga ƴan jarida ƙwarai da gaske, an zaɓi tsibirin ne ma saboda wuyar shigarsa. Baƙin ba su fi ƴan gommai ba. Mai hoton ma'auratan ne suka gayyato shi, sun san yana nan, kuma su ne suka yarda a miƙa wa jaridu wannan hoto. Wato daƙiƙar da aka kama ce kaɗai ba a shirya ba. Wuri, da tufafi, da mahalarta, da mai ɗauka, da zaɓen abin da duniya za ta gani, duk an shirya su tsaf.

Wannan shi ne darasi na farko. Hoton ba-zata da ya yi nasara a bakin teku ya yi ta ne domin akwai katangar izini kewaye da shi. Masu kwaikwayon salon sukan ɗauki kamanninsa su bar katangar.

4.0 Yadda hoto ya hauro daga teku

Ba wannan ne karo na farko da wani salon hoto ya zo ƙasar Hausa daga bakin ruwa ba. Sana'ar kanta ta can ta biyo. Tun a ƙarni na 19 akwai ƴan Afirka masu ɗakin hoto a biranen gaɓa, irin su zuriyar Lutterodt a Ankara da Jonathan Adagogo Green a Bonny. Erika Nimis, a littafinta na 2005, ta bi sawun Yarabawa masu hoto yadda suka bazu a Afirka ta Yamma har cikin ƙasashen Sahel. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya rasu a 2014, ya bar tarin hotunan rayuwar dare ta birnin a shekarun 1960 da 1970.

Abin da waɗannan masu sana'a suka fi yaɗawa a garuruwa shi ne hoton shiri. Stephen Sprague, a maƙalarsa ta 1978, ya nazarci ƙa'idarsa a garin Ila-Orangun na ƙasar Yarabawa: mutum ya zauna sosai, ya fuskanci kyamara, hannuwa bisa gwiwa, jiki duka ya fito, fuska a natse. Bahaushe ya karɓi wannan tsari ba tare da wahala ba, domin ya dace da abin da ya riga ya sani na zaman mutunci. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da hankali da mutunci da ladabi cikin siffofin da Hausawa ke auna mutum da su. Zaman hoton shiri nuni ne da waɗannan siffofi a jiki.

Abubuwa biyu suka raunana ɗakin hoto daga baya. Na farko shi ne zuwan injinan wankin hoto mai launi a shekarun 1980, wanda, kamar yadda Jean-François Werner ya nuna a Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa, ya kawar da bukatar ƙwarewar wanki, ya buɗe ƙofa ga masu yawo da kyamara gida-gida da biki-biki. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ƙara tsadar fim da takarda a kan masu ɗaki. Na biyu shi ne wayar salula, wadda ta fara aiki a Nijar a 2001, daga baya kuma ta zo da kyamara a jikinta. Daga nan kowane mahalarcin biki ya zama mai hoto.

5.0 Muhallin hoto a bikin Yauri

Salon ba-zata an gina shi ne a kan wani tsarin biki na musamman, wanda a cikinsa ango da amarya ke tsayawa tare a gaban jama'a a daidai lokacin da ake ƙulla auren. A nan ne ake samun sa zobe da sumba da hawaye, kuma su ne mai hoto ke farauta. Bikin Hausawa, a Yauri da sauran wurare, ba haka aka tsara shi ba.

A wurin ɗaurin aure amarya ba ta nan. Maza ne ke taruwa a ƙofar gida ko a masallaci, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa Fatiha, sanƙira ya yi shela, a raba goro. Shi kansa ango ba shi ke magana ba. Ke nan lokacin da ya fi kowane nauyi a shari'a ba shi da ma'aurata biyu da za a ɗauka. Abin da ke akwai shi ne tafukan hannun dattawa a sama. A ɓangaren mata kuwa, kamu da sa lalle da wankan amarya duk a cikin gida ake yin su, inda baligi baƙo ba ya shiga. Ango da amarya ba sa haɗuwa sai da dare bayan an kai ta, a wurin sayen baki, a cikin ɗaki, tsakanin abokai da ƙawaye.

Sakamakon haka shi ne duk hoton da ya nuna ango da amarya su biyu suna dariya a fili, dole ne an ƙirƙiro masa lokaci a wajen tsarin bikin, ko dai kafin aure, abin da malamai da dama suka yi wa'azi a kansa, ko kuma bayan buɗar kai. Mai hoto ya kai su gindin wata bishiya ko bakin tafki, ya ce kada su dube shi, ya ce su yi kamar suna hira. Wannan hoton shiri ne da ya ari rigar ba-zata, kuma a ganinmu shi ne mafi rauni cikin nau'o'in duka, domin ya rasa natsuwar na farko bai kuma samu gaskiyar na biyu ba.

Akwai kuma matsalar haske, wadda ba a cika kula da ita ba. Mai hoton bakin teku yana jiran sassaucin ranar yamma, rairayi da ruwa kuma suna maido masa da haske a fuskokin mutane. A Yauri, idan taro ya kama da rana tsaka, farar riga tana ƙona hoto, fuska kuma ta nutse a inuwar hula ko rawani. Idan aka koma gindin bedi, haske yakan sauko dabbare-dabbare. Hazon hunturu ne kawai ke tausasa shi, kuma an yi sa'a yawancin bukukuwan karkara bayan kaka ake yin su. Kai amarya kuwa da dare ne, a ɗakin da sai an haska walƙiyar kyamara. Da zarar walƙiya ta haska sau ɗaya, kowa ya san ana ɗauka, mata su gyara lulluɓi, ba-zata ta ƙare.

5.1 Kukan amarya

Babu inda saɓanin ya fi fitowa kamar a kukan amarya. Ga mai salon ba-zata, hawaye shi ne babban kamu, shi ne shaidar cewa zuciya ta yi magana. A bikin Hausawa kuwa kukan amarya ranar barin gidan uba abu ne da ake ji a rai, kuma abu ne da al'ada ke tsammani. Wadda ta fita idonta a bushe za a yi da ita. Ba a iya raba wanda zuciya ta kawo da wanda al'ada ta nema, kuma ƴan biki ba su damu da rabawar ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne wannan kuka a ƙarƙashin lulluɓi ake yin sa. An yi shi don a ji, ba a yi shi don a gani ba. Lulluɓin yana ba yarinya damar ta yi rauni a tsakiyar taro ba tare da an ga rauninta ba. Mai wayar da ya tura hannu ƙarƙashin mayafi ya ɗauko kumburarrun idanu bai gano wata ɓoyayyar gaskiya ba, domin kowa ya riga ya san tana kuka. Abin da ya yi shi ne cire mata suturar da al'umma ta ba ta. Haka zancen yake ga uwar amarya, wadda kara ke sa ta janye jiki a bikin ƴarta, musamman ta fari, da kuma surukai waɗanda ba sa cin abinci ko sakin jiki a gaban juna. Hoton da ya kama ɗayansu da loma a baki ko ɗankwali a zame yana iya zama abin dariya a wani wuri, amma a nan abin gori ne da zai daɗe.

Karin maganar da muka kawo a baya tana da abokiyar gaba a cikin harshen: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Al'ummar da ke yabon mai iya haɗiye abin da ke ransa ba za ta ɗauki natsattsiyar fuska a matsayin ƙarya ba.

5.2 Abin da hoton shiri ke faɗa

A 1965 Pierre Bourdieu da Marie-Claire Bourdieu sun buga nazari a kan manoman yankin Béarn na Faransa da yadda suke hulɗa da hoto. Sun gano cewa ta bikin aure hoto ya fara shiga ƙauyen, kuma manoma ba su karanta shi don neman motsin ran kowa. Suna karanta shi ne don su san wa ya zo, wa bai zo ba, wa ya tsaya kusa da wa, wane gida ya ƙulla da wane. Tsayuwa a miƙe da fuskantar kyamara girmamawa ce ga mai kallo da kuma neman girmamawa daga gare shi.

Wannan bayani ya dace da Yauri fiye da duk abin da masu tallan ba-zata suka rubuta. Hoton ƙawaye cikin anko, da na ango a tsakiyar abokansa, da na amarya zaune a bakin gado an yi jere a bayanta, kowanne sanarwa ce. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki ke bayyana darajar amarya da yawan matan da suka tsaya mata. Saboda haka kwanoni da kulolin da ke bayan amarya a hoto suna cikin abin da ake son a gani, daidai da fuskarta. Mai hoton da ya dusashe bayan don fuska ta fito, kamar yadda salon bakin teku ke koyarwa, ya share rabin maganar.

Daɗin daɗawa, ƙasar Kance ƙasa ce ta ƴan ci-rani. Ƴan'uwa da yawa suna Kano ko Legas ko Aljeriya lokacin da ake biki, kuma su ne masu karɓar hotunan ta WhatsApp, sau da yawa su ne ma suka aiko da gudummawa. Abin da wanda ke nesa ke nema a hoto shi ne ya tabbata an fita kunya: an yi wa yarinya kaya, dangi sun hallara. Hoton shiri ne ke ba shi wannan amsa.

6.0 Abin da hoton ba-zata ke iyawa

Duk da haka, zai zama rashin adalci mu ce salon ba shi da abin da zai ƙara. Hoton shiri yana da nasa makanta. Yana nuna sakamako ya bar aiki. Guy Nicolas, a nazarinsa na 1986 kan kyauta da musaya a ƙasar Maraɗi, ya nuna cewa biki wata babbar hada-hada ce ta bayarwa da ramawa wadda mata ke riƙe da akasarinta. Kusan babu abin da ke fitowa daga wannan hada-hada a albam ɗin da aka saba. Ba a ganin masu surfe da daka, ba a ganin manyan tukwane bisa murhu, ba a ganin tsohuwar da ke riƙe da lissafin gudummawa a ka, ko amalanken da ya ɗauko gado da katifa, ko makaɗin kalangu da mai liƙi, ko ƴan mata a dandalin gaɗa. Waɗannan ba sa tsayawa a ɗauke su, kuma idan aka tsai da su sun daina zama abin da suke. Ga mai nazarin al'ada da mai tarihi, irin wannan hoto ya fi na ango da babbar riga amfani nesa ba kusa ba. Ga iyali ma, sau da yawa shi kaɗai ne hoton da za a samu na kakar da ba ta taɓa yarda ta zauna gaban kyamara ba.

Misalin da ya fi dacewa a koya daga gare shi ɗan Sahel ne. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya samu babbar lambar yabo ta baje kolin Venise a 2007, ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana bin shagulgulan matasa da dare, da kuma wasanninsu a bakin kogin Kwara ranar Lahadi. Hotunansa cike suke da motsi, kamar wanda ya ɗauka a 1963 na saurayi da budurwa suna rawa kawunansu sun kusa haɗuwa. Amma Sidibé gayyatarsa ake yi, kowa ya san shi, kuma bayan ya wanke hotunan yakan manna su a kan kwalaye ya ajiye a shagonsa, masu shagali su zo su duba su zaɓi wanda za su saya. Wato motsin na ba-zata ne, amma zaɓen yana hannun waɗanda aka ɗauka, kamar dai yadda ya kasance a tsibirin Cumberland.

7.0 Izini da ma'aunin hukunci

Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan hoto tun fitowarsa. Shehu Muhammad Bakhit, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya halatta shi bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, ba ƙaga sura ba, wasu kuma sun tsananta. Amma matsalar hoton ba-zata ba a wannan babi take ba. Tana babin neman izini kafin shiga gidan wani, wanda aya ta 27 ta Suratun Nur ta yi umarni da shi, da babin bin diddigin asirin mutane, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana. Heike Behrend, a littafinta na 2013 kan Musulmin gaɓar Kenya, ta nuna cewa ƙin yarda a ɗauki mutum hoto, ko iyakance wanda zai gani, wani tsari ne mai ƙa'idojinsa, kuma bikin aure na cikin wuraren da ake fafatawa a kansa. Ke nan ko a bakin teku, ba kowane biki ne ke buɗe wa kyamara ƙofa ba.

A zamanin fim akwai abubuwan da ke taka wa mai hoto birki ba tare da an yi doka ba. Fim ɗaya bai wuce ɗauka 36 ba, kowace ɗauka kuɗi ce, dodon hoton yana wuri ɗaya, kuma mai hoton sananne ne da za a iya zuwa shagonsa a yi masa magana. Waya ta kawar da waɗannan duka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017 da dokar laifuffukan intanet a 2019, amma matar aure a ƙauye wadda hotonta ba lulluɓi ya shiga wayoyin samari ba kotu za ta nufa ba. A gidan mijinta za a yi shari'ar, kuma ita za ta biya.

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar tambayoyi uku da mai nazari zai yi wa kowane hoton biki kafin ya yaba tsarinsa:

(a) A ina aka ɗauke shi? Ƙofar gida da dandali wuraren gani ne. Tsakar gida da ɗaki suna da masu su.

(b) Wa ya ɗauka? Hoton da ƙawar amarya ta ɗauka a wurin ƙunshi da wanda baƙon namiji ya ɗauka a wurin ba ɗaya ba ne, ko da sun yi kama layi da layi.

(c) Wa ya zaɓa, kuma wa ya watsa? Idan wadda ke cikin hoton ba ta gan shi ba kafin ya fita, to an tsallake matakin da Reggie da Sidibé ba su tsallake ba.

Waɗannan tambayoyi suna cikin aikin tarke, domin ma'anar hoto ba ta tsaya a kan abin da ke cikin firam ba. Hoton kukan amarya da ke cikin akwatinta da wanda ke yawo a Facebook abu biyu ne dabam, ko da ɗauka ɗaya ce.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa da'awar fifikon gaskiya da ake yi wa hoton ba-zata ba ta tsaya ba, ko a inda salon ya fito. Shahararren hoton bakin teku na 1996 an ɗauke shi ne a cikin tsari mai tsananin tsaro, kuma masu shi ne suka sake shi. A Yauri, tsarin bikin bai haɗa ango da amarya a fili ba, kunya da kara kuma suna cikin abin da ake son hoto ya nuna, saboda haka hoton shiri yana faɗin gaskiyar da al'umma ta ɗauka da muhimmanci. Inda salon ba-zata ke da amfani shi ne wajen aikin biki da wasanninsa, waɗanda hoton shiri ya yi watsi da su, da sharaɗin mai ɗauka ya kasance wanda aka yarda da shigarsa, zaɓe kuma ya kasance a hannun waɗanda aka ɗauka.

Akwai aiki a gaban ɗalibanmu. Albam-albam na shekarun 1970 zuwa 1990 suna nan a akwatunan mata a Matameye da Kance da Yauri, gara da damina suna cin su, tsofaffin masu hoto na Damagaram kuma suna ƙarewa tare da dodannin hotunansu. Ya kamata a tattara abin da masu shi suka yarda a gani, a rubuta sunan mai ɗauka da shekara da irin bikin, a kuma tambayi matan da kansu wane hoto suke nunawa baƙo, wane suke ɓoyewa, da dalilinsu. Haka kuma ana bukatar nazarin kalmomin da jama'a ke yabon hoto ko kushe shi da su, irin su "ya fito", "ya yi kyau", "ya ƙone", "bai yi kama da ita ba", domin a kansu ne za a iya gina tarken hoto da harshen Hausa.